Kwashe Tsohon Makarin Zafi Kafin Fesa Kumfa a Rufin Gida: Dalilai da Matakai

0. Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, inda sanyin hunturu kan kai ruwa ya daskare, ba a barin gida da bango da rufi kaɗai. Ana shimfiɗa wani abu marar nauyi a cikin bango da ƙarƙashin rufi domin kada ɗumin da aka saya da kuɗi ya tsere waje. Wannan al'ada ta yi ƙarfi ne bayan tashin farashin man fetur na 1973. Faransa, alal misali, ta kafa dokarta ta farko a kan tattalin ɗumin sababbin gidaje a 1974. Ke nan akwai miliyoyin gidaje da ke ɗauke da shimfiɗar da aka yi shekara 40 ko 50 da suka wuce, wadda ta kwanta, ta sha ƙura, wani lokaci ma ta sha ruwa.

Mai gidan da ya so sabunta wannan shimfiɗa yakan ji labarin wata kumfa da ake fesawa, ta kumbura, ta sandare, ta toshe kowace kafa. Tambayar da ke biyo baya ita ce: shin sai an cire tsohon abin tukuna, ko za a iya fesa sabon a bar tsohon inda yake? Tambayar ta yi kama da ta kuɗi kawai, tun da cirewa aiki ne na daban mai farashinsa. Amma amsar da aka ba ta tana shafar lafiyar mazauna gida, da ƙarkon katakon rufi, har ma da yiwuwar sayar da gidan nan gaba.

Abin da muke son nunawa a wannan takarda shi ne, lokacin da aka kwashe tsohon abin shi ne kaɗai lokacin da ido ke ganin ƙashin rufi a fili, kuma kumfa, da zarar ta kama, ba ta sake bayar da wannan dama. Za mu fara da tsayar da kalmomin aiki (1), mu bayyana yadda kumfar take (2), mu kawo dalilan kwashewa (3), da wuraren da kwashewar kanta ke zama haɗari (4), sannan matakan aikin (5), da abin da ya faru a Ingila (6).

1. Kalmomin aiki

1.1. Abin da Faransanci ke kira isolant za mu kira shi makarin zafi, ko makari a taƙaice. Mai karatu zai iya cewa a ƙasashen da ake magana sanyi ake karewa. Amma a wajen masana kimiyya zafi ne kaɗai ke tafiya, daga wuri mai ɗumi zuwa wurin da bai kai shi ɗumi ba. Abin da muke kira sanyi ƙarancin zafi ne. Makari ɗaya ne ke hana ɗumin ɗaki fita da hunturu, ya kuma hana zafin rana shiga da bazara. Saboda haka kalma ɗaya ta wadatar.

Tsofaffin makaran da aka fi samu iri huɗu ne: audugar gilas, wadda kan zo a naɗe kamar tabarma ko a barbaɗe, audugar dutse, niƙaƙƙiyar takarda da aka haɗa da gishirin boron don kada ta kama wuta, da barmikulit, wani dutse da ake gasawa ya kumbura ya zama tsakuwa marar nauyi mai ƙyalli.

1.2. Sararin da ke tsakanin rufi mai gangare da silin (abin da maginanmu suka fi sani da sunansa na Faransanci, plafond) za mu kira shi kogon rufi. Yana da daɓe, wato bayan silin, yana kuma da sama, wato cikin rufin kansa. Bambancin waɗannan wurare biyu shi ne ginshiƙin bayanin da ke sashe na 3.

1.3. Aikatau cire ya yi faɗi da yawa. Hausa tana da waɗanda suka fi shi dacewa, kowanne da irin abin da yake ɗauka:

(1) An naɗe audugar gilas.
(2) An zuƙe niƙaƙƙiyar takarda.
(3) An kwashe barmikulit.
(4) An ɓamɓare kumfa, an kankare katako.

Dukansu suna cikin aji na 4 na tsarin Parsons (1960), ajin da ke ɗauke da ma'anar gamawa kakaf. A kwatanta ya kwashi ƙasa, inda an ɗebi wani abu an bar saura, da ya kwashe ƙasa, inda ba a bar kome ba. Mun ɗauki kwashe a matsayin kalmar gaba ɗaya saboda wannan ma'ana, domin kamar yadda za a gani, rabin aiki a nan yakan fi rashin aiki muni. Misali na (4) kuma yana nuna bambancin kumfa da sauran: ita kaɗai ce ba ta fita sai da ƙarfi da wuƙa.

2. Yadda kumfar feshi take

Kusan kowane makari da iska yake aiki. Iskar da ke tsaye wuri ɗaya ba ta ɗaukar zafi sosai. Lambar da ake auna wannan da ita, wato λ, kimanin 0,025 ce ga iska, kuma ƙanƙantar lambar ita ce kyawun makari. Aikin audugar gilas shi ne ta riƙe iska tsakanin zarurrukanta ta hana ta motsi, λ ɗinta kuwa tsakanin 0,030 da 0,040 yake. Idan audugar ta danne ko ta jiƙe, iskar ta fita, aikinta ya ragu. Ban da haka, auduga ba ta tare iska mai tafiya: iskar ɗaki takan bi ta ramin waya ko gefen bututu ta ratsa ta, ta bar baƙin tabon ƙura a wurin.

Kumfar feshi kuwa daga poliyuretan take, sinadarin da Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Leverkusen ta Jamus a 1937. Takan zo wurin aiki a ganga biyu: ɗaya da ruwan izosiyanat, ɗaya da ruwan poliyol da sauran mahaɗai. Ana ɗumama su, a tura su ta tiyo biyu, su haɗu a bakin bindigar feshi. Cikin ƴan daƙiƙoƙi haɗin ya kumbura ya fara sandarewa. Wato masana'antar da ke yin makarin tana cikin gidan mutum ne, ingancinsa kuma ya rataya a kan hannun mai feshi, da ɗumin ruwan, da halin wurin da aka fesa.

Kumfar iri biyu ce. Mai buɗaɗɗun ramuka tana da laushi kamar soso, nauyinta kimanin kilo 8 ne a kowace mita mai murabba'in sukari, wato mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Tana tare iska amma tururin ruwa yana ratsa ta. Mai rufaffun ramuka tana da tauri, nauyinta kilo 30 zuwa 40, kuma ramukanta cike suke da wata iskar gas da ta fi iskar duniya hana zafi wucewa, shi ya sa λ ɗinta ke sauka tsakanin 0,022 da 0,028. Idan ta yi kauri, tururi da ƙyar yake ratsa ta.

Fifikon kumfa a kan auduga, ke nan, mannewa ne: ta kama jikin katako ko bango ta zama fata ɗaya da shi, ba tare da kafa ba. Duk abin da ya shiga tsakaninta da jikin ginin ya rushe wannan fifiko.

3. Dalilan kwashewa

3.1. Mannewa. Idan a daɓen kogon rufi za a fesa kumfa, ko a cikin bangon da aka buɗe, ko tsakanin katakan rufi inda tsohuwar auduga take, babu zaɓi: sai an kwashe. Kumfar da aka fesa a kan auduga ko niƙaƙƙiyar takarda ta kama abin da shi kansa bai kama kome ba. Ƙarfin feshin yakan tarwatsa barbaɗaɗɗen makari, ƙurar ta gauraya da ruwan, kumfar ta fito da ramuka. Ƙarƙashinta kuma kafofin da iskar ɗaki ke bi suna nan a buɗe, tun da ba a gan su ba balle a toshe. Ko ƙura kaɗai, ko maiƙo, ko danshi a jikin katako, ya isa ya sa kumfa ta saki bayan ƴan watanni.

3.2. Iyakar gida. Akwai hali ɗaya da ake muhawara a kansa: a fesa kumfa a cikin rufin sama, alhali tsohon makari yana kwance a daɓe, ba su taɓa juna ba. Mai gida yakan yi lissafin cewa bargo biyu ya fi ɗaya. Don a ga inda lissafin ya karkace sai a tambaya: ina iyakar gida take?

A tsohon tsari, iyakar tana kan silin. Kogon rufi waje ne: an bar masa kafofi a gindin rufi da ƙololuwa, iskar waje tana shiga tana fita, tana tafiya da duk danshin da ya hau daga ɗakuna. A sabon tsari an ɗaga iyakar zuwa rufin sama, an toshe kafofin, kogon ya zama wani ɗaki na cikin gida, wanda ya kamata ɗumin ɗakunan ƙasa ya riƙa isa gare shi. Idan aka bar tsohon makari a daɓe, ya tare wannan ɗumi, amma bai tare tururi ba. Kogon ya zama wuri na uku: ba waje ba, tun da iska ba ta wanke shi; ba ciki ba, tun da ɗumi ba ya kai masa.

Lambobi kaɗan za su nuna illar. Iska mai digiri 20 na iya riƙe kimanin giram 17 na ruwa a kowace mita mai murabba'in sukari. A digiri 0 ba ta riƙe fiye da giram 5. Iskar ɗaki mai digiri 20 da ke ɗauke da rabin abin da za ta iya riƙewa takan fara zubar da raɓa idan ta taɓa abin da sanyinsa ya kai digiri 9. Wannan shi ne gumin da muke gani a jikin kwalbar ruwan sanyi. Girki da wanka da numfashin mazauna gida suna sakin ruwa a iska kullum, iskar mai ɗumi kuma sama take yi. Idan ta tarar da kogo mai sanyi, danshi ya taru. Idan kumfar mai buɗaɗɗun ramuka ce, tururin ya ratsa ta ya kai ga katakon da ke bayanta, wanda shi ne wuri mafi sanyi a rufin. Katakon da danshinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100 fumfuna yake yi, daga nan sai ruɓa. Wannan ne ya sa yawancin masana gini ke ba da shawarar a kwashe na daɓe, musamman inda hunturu ke da tsanani, ko kuwa a shigar da iskar gida cikin kogon ta wata hanya da aka tsara.

3.3. Abin da ke ɓoye. Tsohon makari labule ne. Ƙarƙashinsa ake samun yoyon da ya shekara yana ɗiga ba a sani ba, da katakon da ƙwari suka ci, da wayar kuran da ɓera ya gaigaye, da akwatin haɗin waya da aka bari a buɗe, da bututun banɗaki da ke hura tururi cikin kogo maimakon waje. A tsofaffin gidajen Amurka da Kanada da aka sa wa kuran kafin shekarun 1940 akwai wani tsarin waya da ake ratayawa a kan ƴan kwalaben tangaram, wanda da iskar da ke kewaye da shi yake hucewa. Dokar lantarki ta Amurka ta hana a binne shi cikin makari. Haka ma bututun hayaƙi da wasu fitilun silin suna buƙatar a bar musu tazara.

Duk waɗannan gyare-gyare masu sauƙi ne muddin wurin a buɗe yake. Bayan feshi kuwa, mai gyaran waya sai ya yanka kumfa kafin ya ga wayarsa, yoyon rufi kuma yakan bi bayan kumfar ya ɓullo nesa da inda ya shiga, ko ya tsaya a katako bai ɓullo ba sam.

3.4. Ƙazanta. Ɓeraye da jemagu da tsuntsaye suna son makari don ɗuminsa. Sukan bar kashi da fitsari da gawa. A tsohon tsari iskar waje tana rage warin. Idan aka toshe kogon aka mai da shi cikin gida, iskarsa ta zama wadda iyali ke shaƙa. Batun ya wuce wari: ɓarkewar cutar huhu ta ƙwayar hanta-bairos a kudu maso yammacin Amurka a 1993 daga kashin wani ɓeran daji ta samo asali, kuma kashin jemage da na tsuntsaye yana iya ɗauke da fumfunar da ke haddasa ciwon huhu. Shi ya sa hukumomin lafiya ke hana share irin wannan ƙazanta a bushe. Sai an jiƙa ta da ruwan kashe ƙwayoyin cuta tukuna.

4. Inda kwashewa ke zama haɗari

Abin da ya gabata zai iya sa mai karatu ya ɗauka cewa mai gida ya ɗauki buhu da shebur ya hau. Akwai halin da hakan ya fi kome muni, wato idan tsohon makarin yana ɗauke da amiyant, ma'adinin da a ƙasashen Ingilishi ake kira asbestos. Zarurrukansa sun fi ƙarfin ido. Idan aka shaƙa sukan zauna a huhu, cutar kuma, ciki har da sankarar fatar huhu, ba ta bayyana sai bayan shekara 20 zuwa 50. Amiyant ɗin da ke kwance ba a taɓa ba haɗarinsa kaɗan ne. Motsa shi ne ke tayar da shi.

A Amurka, fiye da kashi 70 cikin 100 na barmikulit ɗin da aka sayar tsakanin 1919 da 1990 daga mahaƙar Libby ta jihar Montana ya fito, akasari da sunan Zonolite, kuma dutsen wurin gauraye yake da amiyant. An rufe mahaƙar a 1990, a 2009 kuma hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiyar jama'a a garin. Shawarar hukumar ga masu gidaje ita ce, duk wanda ya ga barmikulit a kogon rufinsa ya ɗauka yana da amiyant, kada ya taɓa, ya kira ƙwararru.

A Faransa an hana amiyant tun daga 1 ga Janairu 1997, kuma doka ta wajabta a bincika shi kafin a yi aiki a ginin da aka ba izinin ginawa kafin 1 ga Yuli 1997. Waɗanda suka yi karatu a Paris sun san harabar Jussieu, inda aka fesa amiyant a jikin ƙarafan ginin don kare su daga wuta. Aikin cire shi da sake gyara ginin, wanda aka yanke shawararsa a 1996, bai ƙare ba sai 2016.

Misalin da ya fi koyar da darasi shi ne na Kambera, babban birnin Ostireliya. Tsakanin 1968 da 1979 wani kamfani da aka fi sani da Mr Fluffy ya hura barbaɗaɗɗen amiyant a kogon rufin gidaje sama da 1000. Daga 1988 zuwa 1993 hukuma ta bi gidajen ta zuƙe abin da ke kogon. Amma an kashe maciji ba a sare kansa ba: zarurrukan sun riga sun gangara cikin bango da ƙarƙashin daɓe. A 2014 gwamnatin yankin ta yanke shawarar saye gidajen ta rushe su, da rancen dalar Ostireliya biliyan 1 daga gwamnatin tarayya. An kwasa a nan, ba a kwashe ba.

Wani tsohon makarin da ke da tarihinsa shi ne kumfar yuriya da fomaldehaid, wadda aka ɗura cikin bangon dubban gidaje a shekarun 1970. Kanada ta hana ta a Disamba 1980 saboda iskar da take saki. Amurka ta hana ta a 1982, kotu ta soke hanin a 1983. Ba ita ce kumfar poliyuretan ta yau ba, amma mai aikin da ya buɗe tsohon bango yakan tarar da ita ta bushe tana marmashewa, kuma sai an share ta tas kafin sabon feshi.

5. Matakan aiki

(a) Bincike. A san irin makarin da shekarar ginin. Idan akwai shakka, a aika samfuri ɗakin gwaji kafin a motsa kome. Idan an sami amiyant, aikin ya koma hannun kamfanin da hukuma ta ba izini.

(b) Keɓe wuri. A kashe kuran na sashen, a tsayar da na'urar ɗumama ko sanyaya gida don kada ta yaɗa ƙura, a rufe hanyar da za a bi da leda, a shimfiɗa alluna a kan katakan daɓe, domin silin ba ya ɗaukar nauyin mutum. Ma'aikaci ya sa rigar da ta rufe jiki, da safar hannu, da tabarau, da takunkumi mai matata, ba ƙyalle ba.

(c) Kwashewa. Barbaɗaɗɗen makari da babban injin zuƙa ake fitar da shi. Injin yana tsaye a waje, doguwar tiyo ta shiga kogon, abin ya zuba kai tsaye cikin manyan buhuna. Auduga mai kamar tabarma kuwa a hankali ake naɗe ta, a sa a buhu, a ɗaure bakinsa tun a sama. Ana farawa daga lungu mafi nisa a dawo wajen ƙofa.

(d) Sharar ƙarshe, da ƙaramin injin da matatarsa ke kama kashi 99,97 cikin 100 na ƙurar da girmanta ya kai mikron 0,3. Tsintsiya tayar da ƙura kawai take yi.

(e) Dubawa da gyara. Wannan shi ne matakin da sauran suka share wa fage. A gyara yoyo, a sauya ruɓaɓɓen katako, a kira mai waya, a fitar da bututun tururi waje, a toshe hanyar ɓera. A auna danshin katako da na'ura; masu yin kumfa sukan nemi ya kasance ƙasa da kashi 18 ko 19 cikin 100. A ɗauki hoton kowane sashe a ajiye tare da takardar awon.

(f) Feshi. Haɗuwar ruwan biyu tana fitar da zafi, shi ya sa ba a fesa mai rufaffun ramuka fiye da kaurin santimita 5 a zubi ɗaya. Wadda ta yi kauri da yawa takan ƙone daga ciki. Izosiyanat yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata ciwon asma, kuma tun 24 ga Agusta 2023 Tarayyar Turai ta wajabta horo ga masu aiki da shi. Mazauna gida sukan fita, yawanci na awa 24 ko abin da mai yin kumfar ya ƙayyade. Kumfar kanta tana cin wuta, don haka a gefen da mutane ke zama ana rufe ta da allon jifsam.

6. Abin da ya faru a Ingila

An ƙiyasta cewa gidaje kimanin dubu 250 a Birtaniya suna da kumfar feshi a rufinsu; shirin tallafin gwamnati na gyaran gidaje na 2020 zuwa 2021 ma ya biya kuɗin wasu. A gidaje da yawa an fesa ta kai tsaye a cikin rufi ba tare da an rubuta halin da katakon yake ciki ba. Da masu gidajen suka zo sayarwa ko neman rance, sai masu ƙiyasta darajar gida suka ce ba za su iya shaidar lafiyar katakon da ba su gani ba, wasu bankuna kuma suka ƙi ba da rance a kan irin waɗannan gidaje. A 2023 ƙungiyar masu awon gine-gine ta ƙasar, RICS, ta fitar da jagora ga jama'a a kan batun, inda ta jaddada muhimmancin bincike kafin feshi da ajiye takardun aikin.

Sakamakon shi ne tufka da warwara: mutanen da suka biya aka fesa sun sake biya aka ɓamɓare, da hannu, katako bayan katako, wani lokaci har da sauya shimfiɗar da ke ƙarƙashin tayil ɗin rufi. Ba kowane rufin da aka buɗe aka tarar ya ruɓe ba. Abin da ya karya darajar gidajen shi ne rashin shaida, shaidar kuwa a mataki na (e) ake samun ta, ranar da rufin ke a fili.

7. Kammalawa

Za mu iya taƙaita amsar tambayar da muka fara da ita kamar haka. Inda kumfa za ta taɓa wurin da tsohon makari yake, kwashewa wajibi ce. Inda za a ɗaga iyakar gida daga silin zuwa rufi, kwashe na daɓe shi ne abin da ya fi dacewa, domin kada a bar kogon tsakanin iyaka biyu. Inda tsohon makarin ya jiƙe ko ya ƙazantu, fitar da shi ya zama dole ko da ba za a fesa kome ba. Inda ake zaton amiyant, kada mai gida ya taɓa. Akwai kuma hali na biyar da masu tallar kumfa ba su cika ambata ba: idan tsohuwar audugar a bushe take, mai tsabta, kuma kogon zai ci gaba da shan iskar waje, toshe kafofin silin da ƙara sabuwar auduga a kai ya wadatar, da kuɗi kaɗan.

A ƙasashenmu na Sahel zafi daga sama yake saukowa, ta rufin tol, kuma a ɗakin da ake sanyayawa da damana tururi daga waje yake neman shiga, akasin abin da muka bayyana a 3.2. Lissafin raɓa zai juya, wurin da ya kamata a tare tururi zai sauya. Amma tambayoyi biyun da za a yi kafin a fesa kome a bayan silin suna nan yadda suke: ina iyakar gidan za ta kasance, kuma wa ya duba abin da za a rufe.